A'a Biyu

A jami'ar Tawa, ran Talata, wuta ta dawo da la'asar,
Malam Tsahiru ya kakkaɓe alli daga hannu, ya ce:
Yau ba mai ba inji umarni.
Babu ƙirga, babu koma sau goma, babu tsaya nan.
Wannan harshe, Prolog, ba ɗan aike ba ne.
Faɗa masa abin da yake, ɗora masa ƙa'ida,
sannan ka yi tambaya.
Hanyar da zai bi, shi ta shafa.

Da dare a Bilbis na ja tabarma kusa da Iya Tasalla,
inji bisa cinyata, ita tana ɓarar gujiya a tasa.
Na ce, Iya, ba ni dangi.
Ta ce, duka? Ashe ba ki da niyyar barci.

Nomau ya haifi Shibkau.
Na rubuta, na ɗiga aya.
Shibkau ya haifi Anaruwa, ubana, da Hankurau,
da wata ƴa da ba ta kai kwanan suna ba.
Kowane layi gaskiya ɗaya, ba gishiri, ba kirari.
Haka muka yi har tsakar dare, layi saba'in da huɗu.

Sai ƙa'ida:
wane kakan wane ne
in ya haifi wani, wanin kuma ya haifi wanen.
Iya ta ce, wannan ko ɗan yaye ya sani.
Na ce, shi dai sai yanzu ya ji.

Na tambaya, su wa ke jikokin Nomau?
Ban nuna masa ƙofa ba.
Ya kama lungu, ya ci karo da bango,
ya dawo mararraba, ya kama wani,
yadda ake neman tunkiyar da ta kwana waje.
Ya kawo Anaruwa. Na ce ƙaro.
Ya kawo Hankurau. Na ce ƙaro.
Can sai ga Bizo, telan bakin kasuwa,
wanda ke tsuga mini kuɗi kamar baƙuwa.
Ban taɓa rubuta cewa namu ne ba,
shi ya ƙulla zaren da kansa.
Iya ta yi dariya har gujiya ta zube.

Na ce mata da irinsa ake tsara sa'o'in aji
kada malami ɗaya ya tsinci kansa ɗaki biyu,
da shi ake bin alamun ciwo zuwa sunansa,
a nemo wa mota hanyar Keita in ruwa ya yanke ta gaba,
har rabon gado, in an ba shi dokar daidai.

Hannunta ya tsaya cikin tasa.
Tambaye shi Hankurau, ta ce.
Shekara goma sha tara da ya hau motar Abijan,
wasiƙa biyu, turmin atamfa ɗaya, sai shiru.
Tambaye shi ko yana raye.

Na san abin da zai fito, na dai buga.
A'a.

Na yi maza na ce, Iya, a'arsa ba irin tamu ba ce.
Abin da ba a faɗa masa ba, a wurinsa babu shi.
Tulu ne, iyakar abin da aka zuba yake bayarwa.

Ta daɗe tana kallon hasken.
To tambaye shi ko ya mutu.
Na buga.
A'a.

Ta gyaɗa kai kamar ta gamu da tsohuwar maƙwabciya.
Nan nake zaune tun tafiyarsa, ta ce,
shi yau ya iso.
Rufe shi, kada cajinki ya ƙare.

Ta tsince gujiyar da ta zube, ɗaya ɗaya,
ta ware kashi guda gefen tasa,
ta rufe da faifai.